Layin da ke jikin buhu: yadda naira miliyan 2.6 ta salwanta tsakanin Gombe da Bauchi

Alhajin da abin ya faɗa wa yana da injin gyaran shinkafa a Nasarawo, nan cikin garin Gombe. Ba wani babban kamfani ba ne: inji biyu, sito ɗaya, ma'aikata ba su kai ashirin ba ko an haɗa da 'yan dako. Shanshera yake sayowa daga wajen Dadin Kowa, a turara, a shanya, a cashe, a ɗura a buhu mai kilo 50 da sunan injin a jiki. Ƙasa da sunan akwai lambar waya da aka buga da jan fenti, manya-manya, yadda ko kana bin bayan mota za ka iya karantawa. A kan wannan lambar rigimar ta tashi. Na sakaya sunayen mutanen, domin har gobe suna ciniki da juna, biyu daga cikinsu kuma jini ɗaya ne. Ni lauyan Alhaji ne a lamarin, mai karatu ya san da haka yayin da yake auna maganata.

Kafin 2023 cinikin Alhaji na hannu da hannu ne. Mai saye ya zo da kuɗinsa a leda, a ƙirga, a loda masa. Sai Babban Bankin Najeriya ya sanar da canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 a watan Oktoban 2022, farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Duk wanda ya ci kasuwa a Gombe a watannin nan ya tuna yadda aka wayi gari har mai tumatir sai ya nemi lambar akawun. Alhaji mutum ne da zai lissafa maka kuɗin buhu 137 da ka kafin ka gama danna kwakuleta, amma waya ba ta dame shi ba, in dai za ta kira ta amsa, shi ke nan. Sai ya damƙa wannan ɓangaren ga ɗan ƙanwarsa, wani saurayi mai difloma da ya taso a hannunsa.

Yaron ya yi ƙoƙari, wannan ko Alhaji bai musa ba. Ya sayi sabon layi, ya buɗe WhatsApp na kasuwanci da shi, ya buɗe shafin Facebook, ya tara masu saye sama da ɗari biyu a zaure guda inda yake saka farashi duk safiya. Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, to da ya je rajista sai ya ba da tasa, don shi ne a tsaye a wurin. Shafin Facebook ma a ƙarƙashin nasa na kansa ya buɗe shi. Babu wanda ya ga aibun haka. Da aka tashi buga sababbin buhuna, lambar nan aka kai wa mai bugawa.

Injin yana da rajistar suna a hukumar rajistar kasuwanci ta CAC, yana da akawun a banki da wannan sunan. Amma kowa ya san halin netwok: a tura kuɗi da hantsi, alat sai la'asar, mota kuma tana tsaye tana jiran lodi. Idan aka yi haka sai yaron ya ba mai saye nasa akawun na ɗaya daga cikin bankunan nan na waya, da yamma ya juye wa kawunsa. Wani lokacin ma na direba ake bayarwa. Alhaji ya sani, har yakan ce da kuɗi su tsaya a ƙofa gara su shigo ta taga.

Saɓanin da ya shiga tsakaninsu ba na sata ba ne. Yaron ya nemi a yanka masa kaso a riba maimakon abin da ake ba shi duk wata, Alhaji ya ji kamar raini ne, aka yi musayar magana a gaban ma'aikata. Washegari yaro ya tattara ya koma Kumo wajen mahaifiyarsa, da wayar da layin, don a ganinsa nasa ne. Alhaji ya ce a ƙyale shi, zai huce ya dawo. Bai faɗa wa ko mai saye ɗaya ba. Da na tambaye shi dalili daga baya, sai ya dube ni kamar na yi tambayar yara: "Barista, in shiga kasuwa ina shelar na yi faɗa da ɗan ƙanwata?"

Kwana goma sha ɗaya da tafiyarsa, wani ya kira yaron. Murya ta dattijo, Hausa tsantsa, ya ce daga ƙungiyar masu shinkafa ne, za a yi taro ta waya kan wani tallafi, an turo masa lamba shida ta shiga taron, ya karanto. Ya kuwa karanto. Lambar nan ita ce wadda WhatsApp ke turowa duk lokacin da aka nemi ɗora layi a kan sabuwar waya. Nan take aka fitar da shi, ɓarawon ya shiga ya kafa tasa lambar sirri. Mai irin wannan kutse ba ya ganin tsofaffin hirarraki, amma yana tarar da duk zaurukan da layin ke ciki, da lambobin mutanen da ke cikinsu, da duk saƙon da zai shigo daga wannan lokacin. Sunan inji da hoton buhu kuwa ba su da wuyar sakawa. Da yaron ya sake neman lambar nan shida ya shigar a daren, da ɓarawon ya faɗo, domin haka manhajar take: da zarar mai layi ya tabbatar da sabuwar lamba, wancan ya fita, ko da shi mai layin zai jira kwana bakwai kafin ya shiga saboda lambar sirrin da aka kafa. Bai san haka ba. Kunya da fushi kuma suka hana shi kiran kawunsa.

Akwai wata Hajiya mai shaguna biyu a kasuwar Muda Lawal a Bauchi, shekara shida ke nan tana sayen shinkafar Alhaji. Ranar Alhamis ta ga saƙo a zaure: sabon kaya ya fito, buhu naira 70,000, amma mai ɗaukar 40 zuwa sama zai samu a 65,000, tayin na kwana biyu ne. Ta yi magana ta gefe, aka ba ta akawun. Kafin ta danna turawa manhajar bankinta ta nuna mata suna, sunan da ba ta taɓa ji ba. Ta tambaya. Aka ce, "Na sabon direbanmu ne Hajiya, na kamfani yana da matsala." Bayan magariba ta tura naira 2,600,000. Juma'a ta wuce babu mota. Ranar Asabar ta kira Alhaji a tsohon layinsa tana tambaya ko motar ta lalace ne a wajen Alkaleri. Ya ce, "Wace mota?"

Daga baya ta ce min abin da ya fi ci mata rai ba sunan ba ne. Yaron bai taɓa rubuta mata saƙo ba, kullum murya yake turowa, sai ya gaishe ta, "Hajiya ina wuni, ya kasuwa, ya yara," kafin ya faɗi farashi. Rannan rubutu ne daga farko har ƙarshe. Ta lura, sai ta ce a ranta ƙila yana cikin mutane ne.

Ranar Litinin Alhaji ya zo ofishinmu. Abin da na fara tambaya shi ne ko Hajiya ta sanar da bankinta. Ba ta sanar ba. Asabar da Lahadi ta ƙarar da su wajen kiran 'yan uwa da dattawan kasuwa. Tun 2015 Babban Banki ya umarci bankuna su kafa teburin karɓar rahoton zamba, kuma idan rahoto ya shiga da wuri bankin mai turawa kan tuntuɓi na mai karɓa a ɗaure akawun kafin a kwashe. Taransfa ta nan take ce, kwasar ma haka take. A irin wannan, kiran banki a awar farko ya fi lauya goma amfani, ga shi kuma an kwana huɗu. Da aka bi sawu, kuɗin sun rabu gida uku tun a daren Alhamis ɗin: biyu an cire su ta wajen masu POS, ragowar naira 410,000 aka tarar a wani akawun na biyu aka ɗaure.

Ɗaurewa daban, maidowa daban. Banki ba ya ɗebo kuɗi daga akawun wani ya miƙa maka don ka rantse naka ne, sai mai akawun ya amince a rubuce ko kotu ta ba da oda, kuma wannan odar ta ci makonni. Lambar BVN, wadda aka fito da ita a 2014, ta kai jami'ai ga mai akawun na farko: wani ɗan acaɓa a wata jiha, wanda ya ce naira 5,000 aka ba shi ya ara wa wani akawun ɗinsa, kuma a waya kawai ya san mutumin. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta zamba ta kwamfuta a sashe na 14, da sojan gona a sashe na 22, ta kuma wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kira na shekara biyu. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron laifukan da ke cikinta, tana da reshe a Gombe, hukumar EFCC ma tana da ofishin shiyya a nan. Bulala tana nan, bayan da za a tsula wa ne ba a kama ba.

Sai aka dawo kan mutum biyun da ke hannu, kowannensu kuma gaskiya yake faɗa. Hajiya ta ce, "Alhaji, ni lambar da ke jikin buhunka na bi." Alhaji ya ce, "Hajiya, ko sisinki bai shigo hannuna ba."

Ƙa'idar wakilci a dokar ciniki tana cewa idan mai dukiya ya nuna wa jama'a cewa wane wakilinsa ne, ya bar mutane suna mu'amala da shi a haka, ba zai juyo rana ɗaya ya ce ai na sallame shi a ɓoye ba. Wanda ya yi ciniki da tsohon wakili da zuciya ɗaya, bai san an cire shi ba, doka tana kare shi. Da a ce yaron ne ya karɓi kuɗin ya cinye, da ban ɓata wa Alhaji lokaci ba: ya loda buhu 40 zuwa Bauchi, sannan in yana so ya bi ɗan ƙanwarsa da ƙarar cin amana a ƙarƙashin Final Kod, wato kundin dokar laifuka na Arewa.

Amma ba yaron ba ne. Ɓarawo ba wakilin kowa ba ne, Alhaji bai taɓa nuna shi ga kowa ba, bai ma san da zamansa a duniya ba. Tayin buhu a 65,000 bai fito daga bakin Alhaji ko na wanda ya wakilta ba, don haka babu ciniki tsakaninsa da Hajiya da za a ce ya saɓa. Kuɗin da aka biya wanda ba shi ne mai kaya ba kuwa, ba a biya mai kaya ba. Wannan ita ce garkuwarmu, kuma ba ƙarama ba ce. Za mu ƙara da cewa Hajiya ta ga baƙon suna da idonta, ta ga ragin naira 5,000 a kowane buhu a lokacin da babu mai ragi, tana da lambar Alhaji ta kansa a wayarta, amma ta tura miliyan 2.6 ba tare da kiran minti ɗaya ba. Araha ba ta ado.

Lauyanta, wani abokin aiki daga Bauchi, bai zo da maganar ciniki ba sam. Ta ƙofar sakaci ya shigo. Alhaji ne ya buga lamba a buhu ya ce wa duniya ga inda za a same ni. Lambar ta fita daga hannunsa kusan mako biyu, ya sani, bai ce uffan ba, alhali saƙo guda ko kira guda ya isa. Sannan ya buɗe wayar Hajiya ya nuna min rasit bakwai, na watanni daban-daban, duk na kuɗin da ta tura a akawun da ba na injin ba: biyar na yaron, biyu na direbobi. Duk sau bakwai ɗin kaya sun iso. Wa ya koya mata cewa baƙon suna ba abin tsoro ba ne? Ina kallon rasit ɗin nan ina jin muryar Alhaji yana maganar ƙofa da taga, ina kuma hango shi a akwatin shaida ana sa shi ya maimaita ta.

Na gaya masa yadda na gani. A kan takarda mun fi ƙarfi, amma rasit bakwai ɗin nan sun isa su sa alƙali ya raba laifi, shari'a kuma saɓanin hankali ce. Na kuma tuna masa abin da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba game da takardar CAC da suke ratayewa a bango cikin gilashi. Rajistar sunan kasuwanci ba ta mayar da shago wani mutum daban a idon doka, irin su kamfani mai iyakantaccen alhaki ne ke samun haka. Da Hajiya za ta ci shari'a, ba injin kaɗai za a bi ba, har gidansa da gonarsa suna cikin lissafi. Nan ya gyara zama.

Maganar shaida ta kusa ɓata wa kowane ɓangare shiri. Ɗan Hajiya ya zo da shafi 23 da ya buga a shagon buga takardu: hotunan hira da ya ɗauka daga wayar mahaifiyarsa, ya tura a tasa, ya yanke gefe-gefe don su yi kyau, har lokaci da kwanan wata sun fita daga wasu. A ganinsa shari'a ta ƙare. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuwa yana da sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, waya kuma kwamfuta ce a wannan ma'anar. Sai an nuna cewa ana amfani da na'urar yau da kullum wajen irin wannan aikin, tana aiki daidai a lokacin, kuma abin da aka kawo daga cikinta ya fito. Akan haɗa da takardar tabbaci mai sa hannun wanda ke kula da na'urar. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ce bai kamata a karɓi shafukan jaridu da aka buga daga intanet ba saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗan ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara faɗaɗa ta zuwa bayanan lantarki da sa hannu na na'ura. Ma'ana, hirar WhatsApp tana iya tabbatar da ciniki, saƙon murya na "na karɓa" yana iya ɗaure mutum, amma asalin wayar ake so, ba hoton hotonta ba. Wayar Hajiya kuwa ta cika, ɗan nata har ya shirya kai ta a yi mata falashin.

Namu ɓangaren ma haka. Babbar hujjar da ke nuna ba yaron ne ya ci kuɗin ba tana cikin wayarsa a Kumo: saƙon lamba shida da lokacinsa, da kiran dattijon nan mintuna kaɗan kafin shi. Shi kuma abin da ya fi so a duniya a lokacin shi ne ya goge su, don su ne shaidar wautarsa. Sai da na kira mahaifiyarsa na roƙe ta ta karɓe wayar ta kulle a akwatinta. Wani abu kuma da ya sa zaɓen kotu ke da muhimmanci: sashe na 256 ya cire ƙararrakin madani na kotunan yanki daga tsaurin Dokar Shaida, don haka takardun da Babbar Kotu za ta ƙi suna iya samun shiga a can.

Abin da ya fi kuɗin ƙona wa Alhaji rai ya faru ne daren Lahadi, kafin ma ya zo wurina. Ɗan Hajiya ya hau Facebook ya saka hoton buhun da hoton Alhaji, ya rubuta a sama cewa a yi hattara da ɓarayin Nasarawo. Kafin gari ya waye an yaɗa shi, masu saye biyu, ɗaya daga Yola ɗaya daga Potiskum, suka dakatar da oda. "Barista, a kama min shi da dokar intanet ɗin nan," in ji Alhaji. Sashe na 24 yake nufi, wanda aka daɗe ana kama mutane da shi, har da 'yan jarida, saboda tsohon lafazinsa ya haɗa da saƙon da ke jawo ɓacin rai ko cin mutunci. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, gyaran 2024 kuma ya taƙaita wannan ɓangaren ga saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don ta da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Ɗan da uwarsa ta yi asarar miliyan 2.6 ya kira wanda yake zargi ɓarawo, da wuya ya shiga nan. Ɓata suna dai yana nan daram, laifi ne a Final Kod, ana kuma neman diyya a kansa, kuma kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a ba tare da hujja ba yana cikinsa. Wannan ya zama abin da muka riƙe a hannu lokacin sulhu. Su ma dangin Hajiya sun so a tsare Alhaji a ofishin 'yan sanda har sai ya biya, lauyansu ya tuna musu cewa sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa ciniki kawai.

Da na kawo maganar Dokar Kare Bayanai, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, Alhaji dariya ya yi. "Ni ina ruwana da bayanai? Shinkafa nake sayarwa." Na lissafa masa: sunaye da lambobin mutum ɗari biyu da ɓarawo ya gani, ga kuma abin da ke cikin wayar yaron, rasit masu ɗauke da lambobin akawun, hotunan lasin direbobi, adireshin shaguna. Duk don kasuwancinsa aka tara su, don haka shi doka ke kallo. Sashe na 40 ya ce idan irin waɗannan bayanan suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72, idan haɗarin babba ne a sanar da su kansu mutanen nan take. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ban tsammaci jami'in hukumar zai bi ƙurar Nasarawo yana neman mai inji biyu ba. Abin da ya dame ni shi ne dokar ta ba wanda ya cutu damar kai ƙara da kansa, kuma tana ƙara wa hujjar sakaci nauyi. A ranar muka zaunar da ma'aikata biyu suka kira masu saye ɗaya bayan ɗaya, muka kuma rubuta wa hukumar. A cikin kiran ne aka gano wani mai saye daga Bajoga da ya riga ya karɓi akawun ɗin, yana jiran a biya shi wani bashi ya tura.

Shi kansa layin, Alhaji ya je ofishin kamfanin waya da takardar CAC da buhu guda a hannu yana neman a yi masa walkam-bak, wato a ba shi sabon sim mai wannan lambar. Suka duba suka ga NIN ɗin wani, suka ba shi haƙuri. A wurinsu mai layi shi ne wanda sunansa ke rajista, haka shafin Facebook yake ga wanda ya buɗe shi. Ana iya zuwa kotu a ce amana yaron ya riƙe, tun da kuɗin inji ne ya sayi layin yake kuma saka masa data, sai dai babu ko layi ɗaya a rubuce tsakaninsu, kuma wa zai maka ɗan ƙanwarsa a kotu a kan layin waya? Barin lambar ma ba ya yiwuwa. Akwai buhu 3,000 da ba a ɗura ba a sito, ban da dubban da ke yawo a kasuwanni, kowanne da ita a jiki.

A zauren yayan Alhaji aka yi sulhun, da dattawa biyu daga kowace kasuwa. Bayan kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, ɗaya daga dattawan Bauchi ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma bai faɗi wace ce daddawar ba, kowa kuma ya ɗauka da ɗayan ake. An cire 410,000 da aka ɗaure, saura 2,190,000. Alhaji ya ɗauki kusan rabi, zai ba da buhu 16 a lodi biyu. Muka rubuta cewa wannan ba amsa laifi ba ne, cewa duk abin da aka ƙara ganowa za a raba biyu, cewa ɗan Hajiya zai goge rubutunsa ya saka na janyewa a wuri ɗaya ya bar shi mako guda. A ganina Alhaji ya biya fiye da abin da kotu za ta iya ɗora masa, amma ƙasa da abin da shekara biyu ta zirga-zirgar kotu da rasa kasuwar Muda Lawal za su ci.

Ƙanwarsa ta zo daga Kumo da yaron da wayar a ƙulle cikin ɗankwali. "Yaya, ga ɗanka nan," kawai ta ce. Yaron ya durƙusa: "Kawu, ka yafe min." Washegari suka tafi tare aka mayar da layin sunan injin. Ya koma bakin aikinsa da takarda mai shafi ɗaya wadda ta ce layi da shafi da zaure na injin ne, akawun ɗaya ne tak ake karɓar kuɗi da shi, shi kuma yana da naira 200 a kowane buhu da ya sayar. Ɗan acaɓan yana kan beli, fayil ɗin yana nan a buɗe.

Ina ofishin Alhaji ranar da Hajiya ta sake yin oda, buhu 25. Ba ta rubuta ba, kira ta yi a tsohon layinsa. "Alhaji, karanto min lambar akawun ɗin da bakinka." Bai haddace ba, sai da ya aika aka ɗauko masa ɗaya daga sababbin buhunan da aka ƙara wa suna da lambar akawun a ƙasa. Ya ɗora shi a gwiwa, ya gyara tabarau, yana karantawa bibbiyu tana maimaitawa. Ta tura naira 1,000 tukuna, ta ce ya duba. Muka zauna shiru kusan minti uku kafin alat ya shigo, sannan ta turo sauran.